Ƙugiyar da Ta Ɓace: Tarke a Kan Gyaran Littattafan Hausa Domin Makafi a Kudancin Kaduna

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba da tattauna jigo da salo da zubi da tsari, kamar dai littafi abu ne da ke isa ga kowane mai karatu a siffa ɗaya. Amma akwai wani rukuni na masu karatu waɗanda littafi bai isa gare su sai ya bi ta hannun wani mutum na uku, wanda ba shi ne marubuci ba, ba kuma shi ne maɗaba'a ba. Waɗannan su ne makafi da masu raunin gani da duk wanda wata lalura ta hana shi karanta baƙi a kan takarda. Shi kuwa mutumin na uku shi ne wanda ke ɗaukar hoton shafukan littafi da na'ura, ya mayar da su rubutun kwamfuta, ya bi su baƙi bayan baƙi yana gyarawa, kafin a buga su da rubutun makafi ko a sa na'ura ta karanta su da murya.

Wannan maƙala za ta dubi aikin wannan mutum da idon tarke. Ra'ayin da za ta kare shi ne cewa gyaran littafin Hausa domin makaho aiki ne na manazarcin adabi, domin kurakuran da na'ura ke yi wa Hausa suna faɗawa ne daidai wuraren da ma'ana da fasaha suke rataye, kuma makaho ba shi da shafin asali da zai waiwaya ya duba. An ɗauki Kafanchan da Kudancin Kaduna a matsayin fagen misali, saboda matsayin da Hausa take da shi a can, da kuma tarihin lalurar ido a yankin.

Makaho da Adabin Hausa

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa a ga makaho yana riƙe da adabi. Tun kafin ɗab'i ya wadata, makafi masu bara na daga cikin waɗanda suka yi dakon rubutattun waƙoƙin wa'azi da na madahu daga gari zuwa gari. Sukan haddace su daga bakin malami, su rera su a ƙofar gida da kasuwa da tashar mota, har wanda bai taɓa ganin takardar waƙar ba ya iya kawo baitocinta da ka. Babban misali kuwa shi ne Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, ya kuma rasu a 1990. Waƙarsa ta Imfiraji tana cikin rubutattun waƙoƙin Hausa da suka fi shahara, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Shi ya tsara da ka, masu ido suka rubuta, maɗaba'a ta buga.

A nan ne abin lura yake. A wancan zamani adabi yana fitowa daga bakin makaho ya shiga takarda domin amfanin masu ido. Yau da karatun adabi ya koma aji da manhaja da jarrabawa, tafiyar ta juya: dole ne a fitar da shi daga takarda a mayar wa makaho. Ɗalibi makaho da aka ce ya yi nazarin Imfiraji bai wadatu da jin rerawa ba. Ana bukatar ya san inda ɗango ya tsaya, da yadda aka rubuta kalmar ƙarshen baiti, da shafin da zai ambata in ya kafa hujja. In mai rubuta wa Namangi ya yi sakaci da an cuci mawaƙi. Haka nan in mai gyara wa ɗalibin yau ya yi sakaci, an cuci mawaƙi da ɗalibi gaba ɗaya.

Su Wane ne Masu Karatun?

Kafanchan gari ne da ya bunƙasa bayan da ya zama mahaɗar layin dogo a shekarun 1920, ya tara Fantswam da Hausawa da Fulanin masarautar Jama'a da baƙi daga kudancin ƙasa. A kewayensa akwai Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Gwong da Ninzo da wasu al'ummomi masu yawa, kowace da harshenta. Harshen da ya haɗa su a kasuwa da majami'a da masallaci da tashar mota shi ne Hausa. Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932, da Littafin Waƙoƙi na majami'u, suna cikin rubutun Hausa da aka fi karantawa a yankin, kamar yadda littattafan addinin Musulunci na boko da ajami suke a unguwannin Musulmi. Saboda haka maganar littafin Hausa ga makaho a wannan yanki ta shafi Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba.

Ta fuskar lalurar ido kuwa, Jihar Kaduna tana cikin wuraren da cutar makantar kogi ta yi wa ɓarna, wato cutar da wani ƙaramin baƙin ƙuda mai hayayyafa a koguna masu gudu yake yaɗawa. Tun da kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta a 1987, an yi shekaru ana rabonsa a ƙauyuka, kuma ƙungiyar Sightsavers mai ofishi a Kaduna ta taka rawa a wannan aiki. Sai dai magani yana tare sabuwar makanta ne, bai mayar da idon da ya riga ya tafi. Bugu da ƙari ga masu yanar ido da masu hawan jinin ido da zabiya masu raunin gani, ga kuma tsofaffin malaman makaranta da limamai da fastoci waɗanda suka yi rayuwarsu cikin littafi, ido ya gaza musu da girma.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai gyara. Wanda aka haifa da makanta ko ya makance da ƙuruciya yana iya samun koyon rubutun makafi, kamar a makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato, wadda mishan ta SUM ta kafa a 1953, ita ce kuma ta farko irinta a Nijeriya. Wanda ya makance da girma kuwa yakan dogara ne da kunne. Mai raunin gani shi kuma manyan baƙaƙe yake bukata. Duka ukun daga tushe ɗaya za a shayar da su, wato rubutun kwamfuta da aka gyara. In rijiya ta gurɓace, duk wanda ya ja guga gurɓataccen ruwa zai sha.

Daga Takarda Zuwa Yatsa da Kunne

Rubutun makafi da ake amfani da shi a duniya ƙirƙirar Louis Braille ne, Bafaranshe da aka haifa a 1809, ya makance yana yaro, ya kuma fitar da tsarinsa a littafi a 1829. Tsarin ya ginu ne a kan ɗigo shida masu tudu, waɗanda ake sarrafa su su ba da siffofi 63. An daidaita shi da Hausa, har baƙaƙe masu ƙugiya suka sami nasu siffofin. A da, mayar da littafi zuwa wannan rubutu sai mutum ya zauna ya buga shi da hannu daga farko har ƙarshe. A 1976 Ray Kurzweil na Amurka ya fito da na'urar da ke duban shafi ta karanta shi da murya, daga nan hanya ta buɗe. Yau wayar hannu ma tana iya ɗaukar hoton shafi ta mayar da shi rubutu.

Aikin yana da matakai huɗu. Da farko a ɗauki hoton kowane shafi. Na biyu a ba manhajar gane baƙaƙe ta mayar da hoton rubutu. Na uku mutum ya zauna da littafin asali a gefe, ya gwada, ya gyara. Na huɗu a tsara rubutun, a nuna wa na'ura inda babi ya fara, da inda shafi ya ƙare, da abin da yake kan magana da abin da yake cikin magana. Ɗakin karatun Bookshare da aka buɗe a Amurka a 2002 ya fara ne da irin wannan aiki na 'yan sa-kai: wani ya ɗauki hoto, wani dabam ya bi ya gyara kafin a saka littafi a rumbu. Matakai biyu na farko na'ura ce ke ɗaukar nauyinsu, suna kuma da sauri. Biyun ƙarshe su ne masu cin lokaci, su ne kuma ake yawan tsallakewa, domin mai ido in ya kalli rubutun sama-sama sai ya ga kamar an gama.

Ƙugiya da Karan Ɗori

Manhajojin gane baƙaƙe sun fi gogewa da Ingilishi da sauran harsunan Turai. In ba a saita su da Hausa ba, abin da suka fara yi shi ne aske ƙugiyar baƙaƙen nan uku, wato ɓ da ɗ da ƙ, ko su mayar da su wata alama marar ma'ana. Mai ganin wannan ƙaramin abu ne, sai ya auna waɗannan: ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, ƙaya da kaya, ƙarya da karya, ɓari da bari, ɗauri da dauri. A ce marubuci ya rubuta cewa ƙura ta tashi a bakin kasuwa, mutane suka watse. Da zarar ƙugiya ta faɗi, sai ya zama kura ce ta tashi a bakin kasuwa, kuma jimlar tana nan daidai a nahawu, mutane ma suna da dalilin watsewa. Babu abin da zai faɗakar da mai sauraro cewa an sauya masa labari. Irin wannan kuskure mai kama da daidai shi ne mafi haɗari.

Za a iya cewa ai Hausawa da yawa suna rubutu a waya ba tare da ƙugiya ba, kuma ana fahimtarsu. Amsar wannan tana cikin yanayin rubutun Hausa kansa. Ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna karin sauti ba ta kuma nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo siffarsu ɗaya a takarda. Haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Mai karatu yana rarrabe su ne da taimakon kalmomin da ke kewaye. Ke nan rubutun Hausa ya riga ya ɗora wa muhallin kalma kaya mai nauyi tun kafin na'ura ta taɓa shi. In aka cire ƙugiya kuma, sai a ƙara wa jaki kaya alhali an karya masa ƙafa. Saƙon waya gajere ne, masu aika shi sun san juna. Waƙa kuwa takan zo da kalmar da mai karatu bai taɓa ji ba, ko ta ajiye kalma a inda ba a zata ba, kuma a nan ne fasaharta take.

Tsofaffin bugu suna da tasu matsalar. Kafin a tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya a shekarun 1930, an yi amfani da ɗigo a ƙarƙashin baƙi ko ɗan waƙafi a gefensa domin nuna waɗannan sautuka, kuma na'ura takan ɗauki irin wannan ɗigo a matsayin dattin takarda. A zamanin keken rubutu an sha ƙara ƙugiya da alƙalami bayan an gama bugawa, kamar yadda ake gani a tsofaffin kundayen digiri. Da kwamfuta ta zo, kafin tsarin Unicode ya game duniya, an yi ta amfani da wasu nau'o'in baƙaƙe na musamman waɗanda ke nuna ƙugiya a ido, alhali abin da ke ajiye a cikin na'ura wata alama ce dabam. Mai ido yana ganin ƙ, manhajar karanta allo kuwa tana faɗa wa makaho wani abu. Saboda haka ko littafin da maɗaba'a ta ba da a kwamfuta yana bukatar dubawa.

Akwai kuma kamannin baƙaƙe. A bugun da tawada ta yi yawa, r da n in sun haɗu sukan koma m, sai birni ya zama bimi, ƙarni ya zama kami. Baƙin l yakan koma lamba 1. Ɗan waƙafin da ke gaban 'ya'ya da 'yan yakan ɓace, ko ya rikiɗe ya zama alamar buɗe zance. Tazara tsakanin kalmomi takan rufe ko ta buɗe inda bai dace ba, sai ba ta ya koma bata, kuma in ƙugiya ta riga ta faɗi ba a san ko ɓata ake nufi ba.

Karan ɗori ya cancanci a tsaya a kansa. Maɗaba'a takan raba doguwar kalma a ƙarshen layi ta sa karan ɗori, kuma dole mai gyara ya cire shi ya haɗe kalmar. Masu gaggawa sukan umarci kwamfuta ta cire dukkan karan ɗorin ƙarshen layi a bugu ɗaya. A Hausa wannan ɓarna ce, domin harshe ne mai yawan ninki: sannu-sannu, kaɗan-kaɗan, tafiye-tafiye, ja-ja, wasa-wasa. Ga kuma harɗaɗɗun kalmomi irin su faɗi-tashi da ruwa-ruwa da a-ci-balbal. Kowane karan ɗori sai an tambaye shi: na maɗaba'a ne ko na harshe? Wanda bai san Hausa ba ba zai iya amsa wannan tambaya ba.

A Kudancin Kaduna matsalar ta wuce Hausa. Rubutun Tyap da na Jju suna amfani da wasulla masu layi a ƙasa domin bambanta sauti, kuma manhaja takan share layin kamar yadda take share ƙugiya. Duk ƙa'idar gyara da aka koya a kan Hausa za ta yi amfani ga waɗannan harsuna.

Zubi da Tsari

Manazarci ya san cewa siffar rubutu a kan shafi wani ɓangare ne na ma'anarsa. A ɗauki waƙa 'yar ƙwar biyar, wadda ɗangogi huɗu na farko suke da ƙaramin amsa-amo, na biyar kuma yake ɗauke da babban amsa-amon da ya ratsa waƙar. Mai ido da kallo ɗaya ya gane wannan tsari. Manhaja kuwa takan ɗauki gajerun layuka a matsayin sakin layi da ya karye, ta haɗe su su zama zube. In an buga waƙa a jere biyu a shafi ɗaya, tana iya karanta layin farko na hagu ta zarce da layin farko na dama, sai baiti na ɗaya ya cuɗe da na goma. Ɗalibin da aka ba irin wannan rubutu, aka kuma tambaye shi amsa-amo da kari, an aike shi neman allura ne a cikin ruwa. Wajibi ne kowane ɗango ya tsaya a layinsa, kowane baiti ya sami lambarsa da tazararsa.

A fagen zube, Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fito cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, ta isa misali. Ginin littafin labari ne cikin labari: ga labarin aku da ɗan sarki, ga labaran da aku yake bayarwa, ga kuma mutanen cikin waɗannan labarai suna tasu maganar. Abin da ke raba muryoyin nan a shafi shi ne kan labari da sakin layi da alamar zance. In suka zube, mai sauraro ba zai san inda aku ya yi shiru marubuci ya karɓa ba, kuma dabarar da littafin ya fi shahara da ita ta salwanta. Haka Ruwan Bagaja, inda mai ba da labari yake ba da labarin kansa cikin labarin wani. Littattafan Imam kuma suna da zane-zane. Na'ura ba ta karanta zane, saboda haka mai gyara ne zai rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ke ciki, ya kuma nuna a fili cewa wannan bayani nasa ne, kada a ɗauke shi maganar Imam.

Wasan kwaikwayo ya fi kowane rukuni dogara da tsari. A littafi irin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ko Uwar Gulma ta Mohammed Sada, sunan ɗan wasa yana gefe, maganarsa tana biye, bayanin motsi kuma yana cikin baka biyu ko da karkataccen rubutu. Muryar na'ura ba ta karkata. In ba a ware bayanin motsi da wata alama da kunne ko yatsa zai gane ba, sai a ji ɗan wasa yana faɗar cewa ya tashi ya fita, kamar cikin maganarsa ne. Littafi Mai Tsarki shi ma yana da lambobin sura da aya da ƙananan bayanai a gindin shafi, waɗanda in suka kutsa tsakiyar jimla sai karatu ya hargitse.

Lambar shafi ita ma abin kiyayewa ce. Sunan littafi da ake maimaitawa a saman kowane shafi ya kamata a cire shi, don kada ya riƙa yanke jimla. Amma lambar shafin asali a bar ta, domin in malami ya ce a buɗe shafi na 45, ɗalibi makaho ya isa can tare da 'yan ajinsu, in kuma ya rubuta maƙala ya iya ambaton shafi kamar kowa. Tsarin DAISY da aka kafa ƙungiyarsa a 1996 an yi shi ne domin wannan bukata, wato mai sauraro ya iya tsallakawa daga babi zuwa babi ko daga shafi zuwa shafi, maimakon ya yi ta sauraro daga farko kamar mai jin kaset.

Amanar Mai Gyara

Tambayar da ta fi wuya ita ce: me ake gyarawa, me ake bari? Ƙa'idar ita ce a gyara kuskuren na'ura, a bar abin da ke cikin littafi yadda yake. Mai gyara ba editan marubuci ba ne. Wannan ƙa'ida tana da sauƙin faɗa, amma Hausa tana gwada ta ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce tsohuwar ƙa'idar rubutu. Littattafan da aka buga kafin tarurrukan daidaita rubutun Hausa, irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, suna raba wasu kalmomi ko haɗe su saɓanin yadda ake yi yau. Ɗalibi mai ɗokin ƙa'ida zai so ya daidaita su. In ya yi haka ya hana makaho ganin tarihin rubutun da mai ido yake gani. Ta biyu ita ce karin harshe. Waƙoƙin Sakkwato da Gwandu da Katsina cike suke da siffofin kalma da Bakano ko Bazazzagi zai ɗauka kuskure ne. Ta uku ita ce lalurar waƙa, inda mawaƙi ke yanke kalma ko ƙara mata gaɓa ko aro daga Larabci domin kari ya daidaita. Duk wanda ya miƙar da irin wannan kalma ya karya waƙar, kuma makaho, wanda kunnensa ya fi na kowa jin kari, shi ne zai fara jin karayar, sai ya ɗora laifin a kan mawaƙi.

Wannan aiki yana da asali a al'adarmu ta ilimi. Masu kwafar littattafai da hannu ba su sakin kwafi sai an yi muƙabala, wato wani ya riƙe asali wani ya riƙe kwafi, a bi su kalma bayan kalma. Wannan ita ce hanyar da ta dace da littafin makafi, tare da ƙari ɗaya: a sa makaho a cikin masu dubawa. Akwai kurakuran da ido ke tsallakewa domin ya riga ya san abin da ya kamata ya gani, amma kunne da yatsa ba su yafe su. Littattafan ajami kuwa, waɗanda manhaja ba ta ƙware a kansu ba, hanyarsu ita ce wanda ya iya karanta su ya sake buga su da hannu ko ya karanta su a ɗauki muryarsa. Karatun murya ma yana da nasa muhimmanci, domin wayoyi da kwamfutoci da yawa suna karanta Hausa ne da muryar da aka gina domin Ingilishi, kuma ba ta san kari ko tsawon wasali ba.

Doka da Abin da Ya Rage

A da, wani abin da ke tare wannan aiki shi ne tsoron keta haƙƙin mallaka. An cimma yarjejeniyar Marrakesh a Maroko a 2013 domin ba da damar mayar da littattafai siffar da makafi za su iya karantawa ba tare da sai an nemi izinin mai haƙƙi ba, da kuma musayarsu tsakanin ƙasashe. Nijeriya ta amince da ita a 2017, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shigar da wannan tanadi. Dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman an sa mata hannu a 2019. Hukumar JAMB kuma tun 2017 take da kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawa. Ke nan makaho yana da damar zama jarrabawar Hausa. Abin tambaya shi ne ko littattafan da za a tambaye shi a kansu sun isa hannunsa lafiya.

Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ne ke samuwa a siffar da makafi za su iya karantawa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya fi haka ƙanƙanta. Littattafan Ingilishi ana iya samo su daga waje ta hanyar waccan yarjejeniya. Na Hausa kuwa babu wata ƙasa da za ta aiko mana da su a gyare. Yankin Kafanchan yana da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da makarantar tauhidi ta Kagoro, ga kuma Jami'ar Jos mai sashen ilimin masu bukata ta musamman ba nisa. Kayan aikin ba su wuce waya da kwamfuta ba, manhajar karanta allo ta NVDA ma kyauta ce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da ya san ƙa'idojin rubutu da karin harshe da tsarin waƙa, mai kuma haƙurin zama da shafi.

Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa na'ura tana yi wa littafin Hausa rauni a wurare uku: baƙaƙe masu ƙugiya da alamomin rubutu, zubi da tsarin waƙa da zube da wasa, da kuma siffofin harshe waɗanda mai gyara marar sani zai ɗauka kuskure. Dukkan ukun darussa ne da ake koyarwa a kowane sashen Hausa. Shawarar da ta biyo baya ita ce sassan Hausa su mayar da wannan aiki wani ɓangare na horon ɗalibai: kowane aji ya ɗauki littafi ɗaya daga cikin na manhaja, ya gyara shi ta hanyar muƙabala tare da makaho mai karatu, a rubuta sunayen masu gyara da bugun da aka bi, a ajiye shi ta hanyar da doka ta tanada inda makarantun makafi da ɗakunan karatu za su same shi. Ɗalibin da ya bi Imfiraji ɗango bayan ɗango yana tantance kowace ƙugiya zai fito da sanin waƙar da wanda ya haddace sharhinta bai samu ba. Ɗan'uwansa makaho a Zonkwa ko Kwoi ko Kafanchan kuma zai shiga ɗakin jarrabawa da littafi ɗaya da na kowa.